Tarihin Ruwan Wikki da Dajin Yankari

Wanda ya tashi daga Bauchi ya bi hanyar Gombe, in ya kai Dindima ya ratse kudu, zai ɓulla wani ƙasaitaccen daji wai shi Yankari, a ƙasar Alkaleri. Girmansa murabba'in kilomita 2,244 ne. Can cikinsa akwai wata maɓuɓɓuga da ake kira Wikki, wadda ruwanta ke fitowa daga gindin dutse garai-garai, har mai wanka yana hangen yashin da ya taka. Ɗumin ruwan digiri 31 ne, ko da hunturu ko da bazara. An ƙiyasta kullum yakan zubo lita miliyan 21, ya gangara ya faɗa kogin Gaji.

To, ya ku 'yan makaranta, kada ku zaci tun fil'azal wurin nan na namun jeji ne kaɗai. Inda duk ruwa yake ɗan Adam ba ya nisa. Har wa yau ana ganin kufan mutanen da: ga matoyar tama inda suke narka ƙarfe, ga rijiyoyin Dukkey fiye da 100 da aka haƙa suna haɗe da juna ta ƙarƙashi, ga kuma koguna 59 da aka sassaƙa jikin dutse, waɗanda ake kira da sunan wani Bature, Marshall, da ya binciko su cikin 1980. Ana kyautata zaton a cikinsu mutane ke ɓuya zamanin harin bayi. Da mutanen suka watse, daji ya rufe kufansu, dabbobi suka gaje wurin.

Cikin 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta yarda a keɓe dajin saboda namun jeji, cikin 1957 aka sa shi hannun En'e ta Bauchi. Ran 1 ga Disamba, 1962, aka buɗe shi ga masu ziyara. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi cikin 1991, sa'an nan ta mayar wa Jihar Bauchi cikin 2006.

Wanda ke son ganin dabbobi sai ya je da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, ƙishirwa ta koro su bakin Gaji. Nan ake cin karo da giwa da ɓauna da gwanki, ga dorina da kada cikin ruwa, ga tsuntsaye iri fiye da 350. A masaukin baƙi kuwa, gadu na kiwo ba ruwansa da kowa, gwaggon biri na fakon wanda zai yi sakaci da guzurinsa.

Amma fa akwai abin baƙin ciki. Da akwai raƙumin dawa a Yankari, ya ƙare. Giwayen da aka ƙidaya wajen 350 cikin 2006, kafin 'yan shekaru masu neman haure sun yi musu mummunar ɓarna. Wannan ya sa cikin 2014 Gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar Amurka mai kare namun jeji, WCS, don a ƙarfafa 'yan gadin daji.

Mu dai abin da muka fahimta cikin tarihin nan shi ne, ruwan Wikki bai taɓa gajiya ba, ya shayar da maƙera, ya shayar da giwaye. Abin da ke ƙarewa shi ne masu shansa. Maharbi na kashe giwa cikin ƙiftawar ido, alhali uwarta ta yi wata 22 tana ɗauke da cikinta. Rigakafi kuwa ya fi magani. Ku ne alƙalai da hakimai da malaman daji na gobe. In kun riƙe amanar nan, jikokinku sa ga giwa da idonsu. In kun yi sakaci, sai dai su ji ta cikin tatsuniya tare da Gizo.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.