Shekarar Takunkumi: Waiwaye Kan Karatun 'Ya'yanmu A Zamanin Korona

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. A duk lokacin da aka ce a rubuta tarihi a wannan mujalla tamu, hankalinmu yakan tafi ga ganuwa da ƙofofi da sarakunan da suka shuɗe. To amma akwai tarihin jiya-jiya wanda muka gani da idanunmu, kuma ga shi har mun fara mantawa da shi. Saboda haka muka ga ya dace a bana mu rubuta wa 'yan uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas yadda ƙannensu da 'ya'yansu na gida suka yi karatu da ƙyalle a baki da hanci a shekarun 2020 da 2021, da kuma abin da wannan ƙyalle ya tona game da makarantunmu.

Kalmar da ta sauya gida

Kafin shekarar 2020, in ka ce wa mutumin ƙauye takunkumi, abin da zai faɗo masa a rai shi ne saƙar igiyar nan da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi a baki don kada ya yi ɓarna a gonar mutane. Masu sauraron rediyo kuwa sun san wani takunkumin, wato na tattalin arziki, irin wanda aka ƙaƙaba wa Iraƙi da Libiya a shekarun 1990. Ba wanda ya taɓa zaton wata rana hedimasta zai tsaya a bakin ƙofa yana kora yaro gida saboda ya zo ba takunkumi. Wannan ne ma ya sa wasu dattawa suka ƙi jinin abin tun daga sunansa. Wani tsoho ya tare mu bayan sallar La'asar yana cewa, "Malam, yanzu jikan nawa za ku sa wa takunkumi? Gonar wa ya ci?" Muka yi dariya, muka tuna masa cewa shi kansa yana jan amawalin rawaninsa ya rufe baki in hunturu ya busa, kuma ba wanda ya ce da shi jaki.

Annobar da aka yi a baya

Korona ba ita ce annoba ta farko da ta ratsa ƙasar nan ba. Kakanninmu sun ba mu labarin Marisuwa, murar nan ta shekarar 1918 wadda ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Mu kuma da muke yara mun riski ƙarshen zamanin agana, mun ga 'yan lamba suna zuwa makaranta, har yau tabon yana nan a damtsenmu. A shekarar 1980 aka ba da sanarwar an kawar da agana daga doron ƙasa.

Muna bakin aiki aka yi sanƙarau na 1996, wanda ya ɗauke dubban rayuka a Arewa, akasarinsu yara. A 2014 kuma cutar Ebola ta sa gwamnatin tarayya ta ɗage komawa makaranta daga dogon hutu, aka kuma fara ajiye bokiti da sabulu a ƙofar wasu makarantu. Amma duk cikin waɗannan ba wadda ta rufe makarantun ƙasa baki ɗaya na fiye da rabin shekara, ba kuma wadda ta rufe fuskar ɗalibi a cikin aji. Sai korona.

Yadda ta zo

Cutar ta ɓulla ne a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da ita a Legas a jikin wani mutumin Italiya, ranar 11 ga Maris kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya. Gwamnonin Arewa maso Yamma suka yanke shawarar rufe makarantu na kwana 30 daga ranar 23 ga Maris, ma'aikatar ilimi ta tarayya ita ma ta ba da umarnin rufewa a ƙasa baki ɗaya. Muka sallami yara da zaton hutun wata guda ne.

Ashe da sauran rina a kaba. Ranar 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sa dokar kulle a Legas da Abuja, a watan Afrilu kuma aka kulle Kano. A watan nan ne aka yi ta rasa dattawa a Kano, har daga baya ministan lafiya ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da nasaba da cutar. Gwamnatocin jihohi suka yi ta mayar da almajirai garuruwansu a motoci. Aka yi Sallah ba hawa, aka yi shekara biyu, 2020 da 2021, maniyyatanmu ba su sauke farali ba. Ku da kuke birni kun fi mu ɗanɗana kulle, domin mu a gida ba wanda ya hana mu zuwa gona. Sai dai 'ya'yanku sun ci gaba da ɗaukar darasi ta waya da talabijin, namu kuwa sai ɗan abin da aka tsinta a rediyo, in akwai batir, in kuma maigida bai tafi da rediyon gona ba.

Komawa aji

A watan Yulin 2020 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da ƙa'idojin sake buɗe makarantu. Daga cikinsu akwai sa takunkumi, da wanke hannu da ruwa mai gudana da sabulu, da auna zafin jiki a ƙofa, da barin tazarar mita 2 tsakanin ɗalibi da ɗalibi. Aka fara da 'yan ajin ƙarshe na sakandare ranar 4 ga Agusta domin jarrabawar WAEC da aka soma ranar 17 ga watan. Sauran ɗalibai kuwa a yawancin jihohin Arewa sai a watan Oktoba, lokacin da ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya sa 12 ga wata ranar buɗe kwalejojin tarayya. Ke nan yaron firamare ya shafe wata shida da ɗoriya bai ga allo ba.

A lokacin mun riga mun yi ritaya, amma kwamitin iyaye da malamai ya kira mu, mu tsofaffin hedimastoci, mu taimaka da shiri. Abu na farko da muka yi shi ne ɗaukar igiyar awo mu shiga aji. Ajin da muka auna yana da tsawon mita 8 da faɗin mita 7. Da muka zana tazarar mita 2 da alli a ƙasa, wurin zaman bai kai na yara 20 ba. Rajistar ajin kuwa ta haura 90. Muka dubi juna, ba wanda ya ce uffan. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mun daɗe da sanin mun karya wannan ƙa'ida, amma sai ranar da muka ga zanen alli a ƙasa abin ya tsaya mana a rai. Dole aka raba yara, wasu safe wasu rana, wasu kuma aka kai su gindin darbejiya.

Da tazara ta gagara, ruwa kuma sai an ɗebo daga rijiyar maƙwabta a zuba a bokiti mai famfo, sai nauyin dokar gaba ɗaya ya koma kan abu guda da ake iya gani da ido, wato takunkumi. Na asibiti ya yi tsada, ga shi ba a maimaita shi. A nan telolin garinmu suka yi abin a yaba. Suka tattara ƙyallayen atamfa da shadda da yadin kayan makaranta, suka ɗinka masu ninki biyu da igiyar roba, wasu suka sayar da araha, wasu suka ba marayu kyauta. 'Yan uwa daga birni su ma sun aiko da kwalaye, Allah Ya saka musu da alheri. Ranar farko da aka yi layin safe, fuskokin yara kamar rumfar masu atamfa a ranar kasuwa.

Abin da muka gani

Yaro dai yaro ne. Kafin a fita tara, rabin takunkuman sun sauka haɓa. Wasu sun zama majajjawa, wasu an ƙunshe gyaɗa a ciki. Abokai sukan yi musaya in launin na wani ya fi kyau. Mun kama 'yan gida ɗaya su uku da takunkumi guda: na farko ya shiga da shi, ya zagaya ya miƙa wa na biyu ta katanga. 'Yan mata kuwa da yawa sai su ja gefen hijabi su rufe hanci, su ce ai sun cika doka. Haka nan abin ya bi yanayi. Da aka koma a watan Janairun 2021 cikin hunturu, lokacin da cutar ta sake tasowa har Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar da ta tilasta sa takunkumi a bainar jama'a, yara ba su yi gardama ba domin yana tare musu ƙura da sanyi. Da bazara ta shigo, zafi ya sauko daga kwanon rufi, sai ƙyallen ya jiƙe sharkaf da gumi kafin darasi na biyu.

Amma abin da ya fi damun mu, mu da muka fito daga kwalejin horon malamai, shi ne karatun 'yan aji ɗaya da biyu. An koya mana tun muna ɗalibai cewa ƙaramin yaro da ido yake fara koyon furuci, yana kallon leɓen malami da harshensa. Ta yaya za ka nuna masa bambancin "b" da "ɓ", ko "bari" da "ɓari", bakinka a rufe? Malaman Islamiyya su ma sun koka, domin mafitar harafi sai an ga baki. Malami kuma da fuskar yaro yake gane wanda ya fahimta da wanda ya ɓace, da wanda bai karya kumallo ba. Yara masu raunin ji, waɗanda da kallon baki suke bin darasi, su suka fi kowa cutuwa. Wata malama ta samo dabara: ta tsaya can bakin taga nesa da yara, ta sauke takunkumi ta furta harafin sau uku, ta mayar. A ganinmu ta fi mai bin doka ido rufe hikima.

Ashe ma masana sun hango haka. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara cewa kada a tilasta wa yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa sa takunkumi, 'yan shekara 6 zuwa 11 a duba yanayin wurin da tasirinsa ga karatu, 'yan 12 zuwa sama kuwa su sa kamar manya. Wannan bayani bai iso yawancin makarantun karkara ba. Abin da ya iso shi ne "ba takunkumi, ba shiga".

Ko ya yi amfani?

Ƙwayar cutar tana fita ne cikin feshin numfashi da tari da magana, takunkumi kuwa aikinsa rage abin da ke fita da abin da ke shiga. Yara ba su cika jigata da korona ba, tsoron shi ne su kai ta gida ga kakanni masu hawan jini da ciwon sukari. Har yau masana na muhawara kan iyakar kariyar da ƙyallen tela ya bayar a fuskar ƙananan yara, amma sun haɗu a kan cewa cunkoso da rashin iska su ne abokan wannan cuta. Alƙaluman hukumar NCDC sun nuna sama da mutum 260,000 da aka tabbatar sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 kuma sun rasu. Allah Ya jiƙansu. Rigakafi ya iso ƙasar a watan Maris na 2021, takunkumi ya yi ta ja da baya a hankali ba tare da wani biki ba, ranar 5 ga Mayu 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar.

Asarar da ba ta shiga alƙaluma ba ita ce ta kujerun da muka tarar ba kowa. Cikin watannin kulle an aurar da wasu 'yan mata, wasu samari sun ɗanɗana kuɗin kasuwa da acaɓa, ba su sake waiwayar makaranta ba. Waɗanda suka dawo kuwa da yawa sai da aka sake koya musu baƙi da wasali.

Kammalawa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Korona ta tarar da ajinmu cike maƙil, ta tarar da makarantarmu ba ruwa, ta tarar da tagogi an toshe su da kwano saboda ɓarayi. Takunkumi muka riƙe domin shi ne mai araha, ana iya ɗinka shi a dare ɗaya. Aji da rijiya da malami ba a samar da su a dare ɗaya, dole sai an fara tun ana zaune lafiya. Annoba ta wuce, amma ƙyanda da tarin fuka da sanƙarau, waɗanda su ma cunkoso ke yaɗa su, ba su tafi ko'ina ba.

Don haka muna roƙon 'yan uwa, duk wanda ya zo gida hutun Sallah ya ware rabin sa'a ya shiga firamaren da ta yaye shi. Ya ƙirga yaran aji ɗaya, ya duba tagogi, ya tambayi inda suke shan ruwa, sannan ya zo taron shekara da abin da ya gani. Muna kuma kira ga hedimastocin yanzu su rubuta labarin waɗannan shekaru biyu a littafin tarihin makaranta, su adana takunkumi ko guda ɗaya a ofis, domin jikokinmu su gani su yi tambaya kamar yadda muka tambayi kakanninmu labarin Marisuwa.

Allah Ya kare mu daga annoba, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ɗaukaka garinmu. Amin.