Mutuwar Masu Haihuwa a Kuroidan Zamanin Yaƙin Hitila

Kuroidan gari ne a gefen birnin Landan, wajen kudu. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi cikin 1939, sai ya zama garin yana bisa hanyar jiragen saman Jamus. Ran 15 ga watan Agusta 1940 suka zuba bom a filin jirgin samansa, mutum fiye da sittin suka halaka. Cikin 1944 kuma aka yi ta harbo wani irin bom mai tashi da kansa, ba matuƙi. Wajen 140 suka faɗa garin, suka kashe mutum 211.

Duk da haka, waɗanda ciwon zuciya da ciwon daji da ciwon huhu suka ɗauke a shekarun nan sun fi waɗanda bom ya kashe yawa nesa.

Abin mamaki shi ne sha'anin masu haihuwa. Cikin 1934, a Ingila da Wales, kowace haihuwa dubu akan rasa uwa fiye da huɗu. Cikin 1945, bayan shekara shida ana yaƙi, ba su kai biyu ba. Abubuwa uku ne suka fi kashe su a da, watau zazzaɓin jego, da zubar jini, da jijjiga.

Zazzaɓin jego ƙwayar cuta ke kawo shi, sau da yawa daga hannu ko numfashin mai karɓar haihuwa. Cikin 1936 Likita Leonard Colebrook ya gwada maganin Prontosil a Asibitin Sarauniya Charlotte a Landan, mata suka riƙa warkewa. A shekaran nan kuma aka kafa doka, kowace hukumar gari ta tanadi ungozomai masu horo, ta biya su albashi.

Saboda tsoron bom aka buɗe ma'ajin jini huɗu kewaye da Landan cikin 1939, ɗaya a Sutton, maƙwabciyar Kuroidan. Jinin da aka tara domin masu rauni ya ceci matan da jini ya ɓalle musu. Jijjiga kuwa, awon ciki ke nuna alamunta da wuri. Ko da yake abinci sai da kati, gwamnati ta ƙara wa masu ciki madara da man kifi.

Ashe yawancin matan da ake binnewa a da, magani da jini da ungozoma mai sani suka rasa. Da aka tanadi waɗannan, ko yaƙi bai hana su tashi daga jego lafiya ba.