Daga Rijiya Zuwa Dam: Tarihin Ruwa a Ƙasar Kano da Kwarin Haɗejiya

Masu iya magana kan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A wannan takarda ina so in bi sawun yadda mutanen ƙasar Kano suka yi ta tonon nan, da kuma abin da ya jawo wa 'yan'uwanmu da ke zaune a gangaren kogi.

Na tashi a cikin birni lokacin da rijiya da kududdufi ke da daraja. Kududdufan nan ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta cika su, a yi wanki a shayar da dabbobi har bazara. Ruwan sha kuwa daga rijiya yake zuwa, kuma ban taɓa ganin mai rijiya ya hana maƙwabcinsa jefa guga ba, domin iyayenmu sun ɗauki hana ruwa abin kunya a al'adance, kuma zunubi a addinance. Sai dai ruwan tafki ya sha jawo kurkunu a karkara, cutar da ba a tabbatar da kawar da ita daga Nijeriya ba sai a shekarar 2013.

Canji na farko ya zo ne a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da En'e ta kafa gidan ruwa a bakin kogin Calawa, aka jawo famfo zuwa cikin birni. Daga nan ruwa ya fara zama aikin hukuma, wato abin da ake biya wa kuɗi, ake kuma jira a kawo.

Canji na biyu ya fi girma. Gwamnan Jihar Kano na farko, Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya duƙufa wajen gina madatsun ruwa, farin da aka yi a 1972 da 1973 kuma ya nuna cewa ya yi hangen nesa. A 1974 aka kammala dam na Tiga a kan kogin Kano, wanda aka tsara ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Albarkarsa a fili take: duk wanda ya bi ta Kadawa da Kura da rani ya ga alkama da shinkafa da tumatir inda a da sai ƙura. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a 1992 kuma aka kammala dam na Calawa a yankin Ƙaraye. Fashewar dam na Bagauda a 1988 ta tuna mana cewa tare ruwa amana ce mai nauyi.

To, amma kogi bai tsaya a Kano ba. Kogin Kano da na Calawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, shi kuma ya gamu da na Jama'are, su zama kogin Yobe da ke gangarawa Tafkin Cadi. Mutanen fadamar Haɗejiya da Nguru sun gina rayuwarsu a kan ambaliyar damina: ruwa ya malala a shuka shinkafa, ya janye a yi su, a shuka wake, makiyaya su shigo da shanu. Da aka tare ruwa a sama, sai ambaliyar ta ragu, sannan ruwan da ake saki da rani ya hana hanyoyin ruwa bushewa. Wannan ya ba ciyawar kacalla damar yaɗuwa, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki, ta zama masaukin tsuntsun jan-baki. Wasu garuruwa suka nutse, wasu wajen Gashuwa suka rasa ruwan da suka saba samu.

Lokacin da aka gina Tiga, Haɗejiya tana cikin Jihar Kano. Daga 1991, da aka ƙirƙiro jihohin Jigawa da Yobe, maganar ta zama ta tsakanin gwamnatoci. Shi ya sa a 2006 jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauci da Filato, suka hallara a Damaturu suka amince su kafa asusun kula da kogin baki ɗaya.

Roƙona ga malaman makaranta shi ne, idan za ku koya wa yara labarin Tiga, ku kai su har Nguru a kan taswira, su san cewa ruwan da ya wuce gonarsu rabon wani ne. Dattawa kuma su tuna mana ladabin rijiya, domin har yau a birnin da ke kusa da manyan madatsu biyu, unguwanni da yawa sun dogara ne ga 'yan ga-ruwa da burtsatse. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba mu ikon raba ta da adalci, amin.