"Ɗan daudu": yadda sunan wasu mutane ya koma sandar dukan yara a makarantunmu

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san yaron nan. Muryarsa siririya, ba ya buga ƙwallo, ya iya girki, ba ya son faɗa. Kafin a gama zangon farko an laƙaba masa "ɗan daudu". Daga nan sai a daina cin abinci da shi, a raba shi da gadonsa, siniyoyi su mayar da shi jakin aike. Nan Ikorodu ma, inda nake zaune ina karatun digiri na biyu, ina jin kalmar a bakin yaranmu na Sabo idan sun taso daga Islamiyya. Shi ya sa na ce bari mu bi tarihinta.

A garuruwan Hausa na da, 'yan daudu rukunin mutane ne da kowa ya sani: maza masu magana da ɗabi'u irin na mata. Masu bincike suna danganta sunan da bori, musamman iskan nan Ɗan Galadima. Sana'arsu a fili take. Su ne masu tuwo da miya da soyayyar kaza a tasha da bakin kasuwa, su ake kira girkin biki, wasunsu kuma suna kawalci a gidajen mata masu zaman kansu. Da yawansu sun yi aure sun haifi 'ya'ya. Ba'amurken nan Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009, inda ya nuna cewa daudu a asali yana nufin yanayin mutum da sana'arsa, kuma ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kansu, jama'a na yi musu dariya da habaici, amma direba da fasinja a wurinsu suke cin abinci. Da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano wajen 1912, cinikin goro ya cika Agege da Hausawa, kuma sana'o'in tasha irin wannan suka bi mutanensu zuwa zangunan kudu.

To ina aka samu sauyi? Doka dai tsohuwa ce. Kundin laifuffuka na Turawan mulkin mallaka na 1916, da Final Kod na Arewa da ya fara aiki a 1960, duk sun tanadi ɗauri kan luwaɗi. Da aka dawo da shari'ar Musulunci a Zamfara da Kano da wasu jihohi a 2000, aka rufe gidajen mata da yawa, 'yan daudu suka rasa mafaka, wasu suka bar gari. Sannan a Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi: shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko nuna alaƙar a fili. Wata ɗaya bayan haka, gungun matasa suka bi gida-gida a unguwar Gishiri da ke Abuja suna dukan waɗanda suke zargi. Tun daga nan kalmar ta yi nauyi. A da zolaya ce mai ciwo, yanzu tuhuma ce da za ta iya jawo taron dangi a kan mutum.

Ku lura da wani abu fa. A Agustan 2018 'yan sanda suka kama maza 57 a wani otal a Egbeda, nan Legas, aka nuna fuskokinsu a talabijin. Aka gurfanar da 47 a Babbar Kotun Tarayya. A Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya yi watsi da ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa tsayawa a kanta. Idan gwamnati da 'yan sandanta da lauyoyinta suka shekara biyu ba su tabbatar da zargi ba, ta yaya ɗan aji shida mai shekara 17 zai tabbatar da shi cikin dare ɗaya a ɗakin kwana?

Mu mutanen Ikorodu mun san abin da zargi ke yi. A 2017, lokacin tashin hankalin 'yan Badoo, an kashe mutane a titunan garin nan don kawai wani ya nuna su da yatsa. Kafin nan, a 5 ga Oktoba 2012, aka kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu a Aluu bisa zargin sata. Wannan ɗabi'ar ce ta tsallaka katangar makaranta. A Yulin 2025, ɗalibai biyu suka rasu a sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi a jihar Kano bayan 'yan uwansu ɗalibai sun lakaɗa musu duka. Aka kama ɗalibai 11, jaridu kuma suka ruwaito cewa zargin luwaɗi ne silar. Iyaye sun tura yara neman ilimi, aka dawo da wasu a makara, wasu aka wuce da su ofishin 'yan sanda. Gida nawa aka rusa ke nan?

Na san wani zai ce, "Kai malam, goyon bayansu kake yi?" Matsayin addini a kan luwaɗi sananne ne, ba shi nake tattaunawa ba. Addinin nan dai shi ya hana kiran juna da munanan laƙabi, da mugun zato, da binciken asirin mutane, duk a cikin Suratul Hujurat. Shi ya tanadi bulala tamanin ga mai ƙazafin zina da bai kawo shaidu huɗu ba, a Suratun Nur. Hukunci aikin alƙali ne. Babu kundin da ya miƙa shi ga firifet ko shugaban ɗakin kwana. Yaron da ake duka kuwa, ko mene ne gaskiyar lamarinsa, amana ce a hannun makaranta.

A takarda muna da kariya. Akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, Legas ta yi tata a 2007, Kano ta sa hannu kan dokar kare yara a 2023. Hukumar UNESCO ta ce a rahotonta na 2019 kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya yana fuskantar cin zali daga 'yan uwansa. Sai dai takarda ba ta kwana a hostel. Malamin da ke kwana kusa da yara shi ne kariyar.

Yawancinmu da ke wannan shafi gobe mu ne malamai, masu bautar ƙasa, shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan unguwa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Idan ka ji an jefi yaro da wannan suna a ajinka, ka tsayar da darasi ka tsawatar nan take, don shirunka izini ne. A karɓe bulala daga hannun siniyoyi. A samu malami ɗaya amintacce da yaro zai kai wa kuka a asirce. Idan an ce babba ya ci zarafin ƙarami, wannan babban laifi ne, a kai shi ga hukumar makaranta da iyaye da 'yan sanda, kada a bar wa ɗalibai. Yaron nan mai siririyar murya kuma a saka shi a muhawara, a musabaƙa, a teburin cin abinci, kamar kowa.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Wanda ya yi makarantar kwana ya faɗa mana a ƙasa yadda ake yi a tasu, amma don Allah ban da ambaton sunan kowa. Allah Ya tsare mana ƙannenmu, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu.