Hoto Ya Riga Mota Isa Yammacin Amurka

Tun kafin mota ta san hanyar yammacin Amurka, hoto ya riga ta isa can, domin a shekarar 1871, sa'ad da masanin duwatsu Ferdinand Hayden ya jagoranci ayarin bincike zuwa Yellowstone, ya tafi da mai ɗaukar hoto William Henry Jackson, wanda ya labta faranten gilashi a kan alfadarai, yana wanke kowane hoto cikin 'yar ƙaramar hema tun danshin farantin bai bushe ba. Hotunan maɓuɓɓugan ruwan zafin Yellowstone, waɗanda da can ake ɗaukar labarinsu hikayar maharba, suna cikin hujjojin da majalisar dokokin Amurka ta gani kafin ta keɓe wurin a 1872.

Abin da ya biyo baya kuwa bai ɗauki zamani mai tsawo ba. Kamfanin Kodak ya fito da kyamarar Brownie a 1900 a kan dala 1, aka halatta wa motoci shiga Yellowstone a 1915, aka kafa hanya mai lamba 66 daga Shikago zuwa Los Angeles a 1926, har zuwa ɗaukar hoto a yammacin Amurka, wanda a da yake wahalar gwanaye, ya zama al'adar iyali lokacin hutu. Amma fa, a ganina, ƙalilan ne cikin hotunansu suka kamo ƙafar na Jackson.