Kuɗin Sarki Menanda da Darasin Fassara

Bayan mutuwar Iskandari a shekara ta 323 kafin Miladiyya, sarakunan Girkawa sun ci gaba da mulki a yankin Afganistan ta yau da arewa maso yammacin Indiya. Da yake talakawansu ba Girkawa ba ne, wasunsu sun buga tsabar kuɗi da harsuna biyu: Girkanci a fuska ɗaya, harshen ƙasa cikin rubutun Karoshti a ɗaya fuskar.

Mu ɗauki kuɗin Sarki Menanda, wanda ya yi mulki a ƙarni na 2 kafin Miladiyya. An rubuta masa "Basileos Soteros Menandru", wato "na Sarki Menanda Mai Ceto". Ƙarshen kowace kalma yana nuna mallaka, aikin da "na" ke yi a Hausa. Wanda ya fassara shi da "Sarki Menanda" kawai ya zubar da wannan ma'ana. A ɗaya fuskar kuwa, masu fassarar sun sa "maharaja", sarautar da jama'arsu suka sani.

Daga baya rubutun Karoshti ya ɓace, aka rasa mai karanta shi. A shekarun 1830, James Prinsep, ma'aikacin gidan buga kuɗi na Kalkata, tare da wasu masana, ya kwatanta sunayen sarakunan a fuskokin biyu har ya gano haruffan.

Saboda haka muna ganin manhajar fassara ta kamata ta horar da ɗalibi kan abu biyu: kiyaye nahawun harshen asali, da zaɓen kalmar da mai karatu zai gane.