Asalin Kalma: Oza

Oza ma'aunin nauyi ce da Hausa ta aro daga Turanci, amma ta hanyar rubutu ta shigo. Turawa kan taƙaita sunan ma'aunin da haruffa biyu, oz, sai Bahaushe ya karanta abin da ya gani, ya ƙara masa wasali. Haka laba ma ta samu daga lb. Shi oz daga tsohuwar kalmar Italiyanci onza ya fito, ita kuma daga uncia ta Latin, wato kashi ɗaya cikin 12 na labar Rumawa. Uncia ɗin ce kuma ta haifi inci. A yau oza 16 ke yin laba, kowace oza kuwa giram 28 ce da 'yan kai.

A girkin Amurka kalmar na da fuska biyu: akwai ozar nauyi, akwai ta ruwa, mai kusan mililita 30. Kirim mai tsami, wanda ake yi da maiƙon madara, da ozar nauyi ake sayar da shi, alhali littattafan girki kofi suke ambata. An yi sa'a nauyinsa bai yi nisa da na ruwa ba. Roba mai oza 8, wato giram 227, takan kusa cika kofi ɗaya, mai oza 16 kuwa kofi biyu. Wannan lissafi ba ya aiki a kan fulawa, domin kofinta bai wuce giram 120 zuwa 130 ba.